Jirgina Mutum Huɗu Yake Ɗauka

A Tambuwal ba a sayen jirgin ruwa. Ana sayen doki, ana sayen babur, wanda Allah ya buɗa wa ya sayi mota, amma jirgi kam sai ni. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya ga abu sai ransa ya biya. Ni malamin gona ne a lokacin, ina da 'yar akori-kurata, ban daɗe da aure ba, kaina kuma yana hayaƙi. Wani Bature injiniyan hanya zai koma ƙasarsu yana sayar da kayansa. Masu hankali suka riga ni, suka kwashe firji da fanka da kujeru, na je a makare na tarar saura jirgi. Fari ne, ɗan ƙarami, da inji maƙale a gindinsa, yana zaune kan wata 'yar tirela mai taya biyu da ake ɗaura wa bayan mota. Da zan tafi Baturen ya ɗaga mini yatsu huɗu, ya sake ɗagawa. Mutum huɗu, in ji shi, kada a ƙara ko akuya.

Ranar da na jawo shi cikin gari har masu kanti sai da suka fito. Mahaifina manomi ne da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya dube ni ya ce, "To, mi aka nomawa da shi?"

Ban kula ba. Na kai wa mai walda ya yi mini ƙarafan rumfa, tela ya ɗinka tamfol kore, aka yanka katifu daidai bencinan. Na sa akwatin kayan gyara, da jarkar mai, da igiya mai tsawo, da filafili, da doguwar gora, da tsofaffin tiyub na mota saboda tsautsayi. Da rani yana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, kaji na kwana a ciki ina korarsu. Mai ɗakina takan tsaya a bakin zaure tana kallona ina wanke shi da soso, ta ce ko jariri ba a yi wa irin wannan wanka.

Amma in damina ta sauka ni ke dariya. Sai in ɗaura shi in nufi gulbin wajen Sanyinna, in yi baya-baya da tirela har tayoyinta su nutse, in tura shi ya sauka. Karon farko saura kaɗan motar ma ta bi shi. A hankali na koyi inda yashi ke kwance, na koyi rage gudu in na hango masunta, bayan sun zage ni tas a kan igiyar ruwan da nake tayar musu. Nakan kashe inji a tsakiya in zuba shayi, ruwa na tafiya da ni a hankali, ina kallon gonakin shinkafa. Sau ɗaya mai ɗakina ta yarda ta shiga. Ta riƙe gefe da hannu biyu tana salati tana dariya, ta ce in mayar da ita tudu, da na juya kuma ta ce in ƙara zagaye ɗaya. Ina son jirgin nan, ba na ɓoyewa.

Da ta samu ciki, cikin fari, aka ce za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Ƙauyensu yana can bayan Kebbe, a ƙetaren gulbi. Na ce a bar ta ta haihu a Tambuwal kusa da asibiti. Mahaifiyata ta riƙe baki ta ce, "Kai ina ka taɓa jin anka yi haihuwar fari gidan miji?" Shi ke nan magana ta mutu. Na kai ta da farkon damina, lokacin da mutum ke naɗe wando ya taka gulbin da ƙafa.

Sai marka ta zauna. Wata safiya ina shirin fita aiki wani mai babur ya tsaya a ƙofar gida, ya goyo wani masunci ɗan ƙauyensu, babban mutum mai furfura a gemu, rigarsa ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, sannan ya dubi ƙasa.

"An ce a gaya ma, ana ɗan jin jiki can gida."

"Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya taka fama. Abin bai zo ba."

Na san mutanena. In har gidan surukai suka aiko wa miji a kan haihuwar fari, to an gama da jiƙo, an gama da rubutu, ungozoma ta ɗaga hannu. Na tambaye shi me ya hana a kawo ta. Ya ce gulbi ya kawo irin kawowar da ba a daɗe da gani ba, 'yan fito sun janye kwale-kwalensu tudu sun ce ba mai shiga. Shi ma a kan ƙaton goran duma ya kwanta ya ƙetaro, ruwa ya kai shi can ƙasa da mashigi.

Ban san lokacin da na ɗaura tirela ba. Hanyar Kebbe a wancan zamani jar ƙasa ce, da marka kuwa kunu ce. Motar ta kafe, na fita na tura. Tirela ta nutse har gindi, manoma suka bar gonakinsu suka zo suka cicciɓe ta. Ina zagin hanya, ina zagin mota, ina roƙon Allah, duk da baki ɗaya. Duk inda muka tsaya sai in ga kamar a daidai wannan tsayuwar ne ranta ke fita. Masuncin yana gefena, carbinsa kawai yake ja.

Muka isa mashigi. Ban gane wurin ba. Ruwa ja wur, ya haye gonaki, itatuwa na tsaye a cikinsa har wuya, yana tafe da karare da kututture da jinkar rumbun wani bawan Allah. 'Yan fito suna zaune a tudu. Babbansu ya taso ya ce, "Malamin gona, kak ka shiga. Ruwan ga ba na wasa na ba." Na ce na ji. Suka kama mini muka sauke jirgi, tunda sun ga ba fasawa zan yi ba.

Mu biyu kacal muka ƙetara, ni da masuncin, amma sai da ruwa ya yi ta marin gefen jirgin yana fallatso mana. Na juya hancinsa sama ina ba shi wuta, yana tafiya a karkace, muka fita can ƙasa, muka biyo gaɓa muka hauro. Muna taɓa ƙasa na kwance rumfa na jefar, na fitar da akwatin kayan gyara da katifu, na bar guda ɗaya a shimfiɗe a tsakiya. Na riga na ga abin da ruwan nan zai yi wa jirgi mai nauyi.

Surukina malami ne, manyan ɗalibai ke zuwa ɗaukar karatun littattafai a wurinsa. Mai ɗakina ita ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa nuna ya san tana gidan ba. Ni kuma tun da na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaure. Ya tambayi mahaifina, na ce lafiya lau. Ya tambayi ruwa wajenmu, na ce alhamdu lillahi. Ya tambayi gero, ko ya fara fidda kai. Ina ta amsawa. Daga shi har ni ba wanda ya ambaci abin da ya kawo ni. Na kasa kunne cikin gida ko zan ji nishi, ban ji komai ba, shirun nan kuwa ya fi kuka tayar mini da hankali.

Kakarta ce ta cece ni, mahaifiyar Malam. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai jan baki saboda goro, ita kaɗai ce a gidan nake iya kallo ido da ido, domin tsakanina da ita wasa ne. Kullum in na zo sai ta ce angonta ya iso, ina goronta, ni kuma in ce na sake ta tun bara. Ranar nan ta leƙo zaure ba dariya a fuskarta.

"Ka zaka? Tashi. Yau ba ranar gaisuwa ta ba."

A kan ƙyauren ɗaki aka fito da ita, an lulluɓe ta da zane. Ƙafarta kawai na gani, ta kumbura, ta yi fari fat. Rabin ƙauyen ya biyo mu bakin ruwa. Aka kwantar da ita a kan katifa, na sunkuya ina duba tiyon mai, ina matsa shi don ya cika. Da na ɗago kai sai na ga jirgi ya cika da mutane.

Malam yana can gaba da butarsa da carbinsa. Ƙanensa na kusa da shi. Ga gwaggonta da ƙullin kaya, ga ungozoma, ga kaka, ga wata maƙwabciya rungume da ƙwaryar gari, har an ɗora tukunyar wankan jego. Ba wauta ce ta sa su ba. A wurinmu ba a sallamar mara lafiya shi kaɗai, wanda ya zauna a gida ranar da aka fita da nasa kan ƙyaure ya ja wa kansa abin faɗi har ya mutu. Kuma sun saba da dogon kwale-kwalen 'yan fito, inda in akwai wurin ɗora ƙafa to akwai wurin mutum. Wannan ma da yake da inji, a ganinsu ai ya fi ƙarfi.

Na dubi gefen jirgin. Tsakanin bakinsa da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba, ni da masuncin ko shiga ba mu yi ba. Da wane harshe zan ce wa Malam ya fita, a gaban ɗalibansa, a gaban garinsa? Na dubi masuncin, ya kawar da kai, shi ma a gaban Malam yake ɗaukar karatu. Na ji kamar in kurma ihu. Matata na kwance tana ƙarewa, ni kuma ina tsaye cikin ruwa har gwiwa, kunya ta ɗaure mini baki. Na tsani kaina, na tsani kowa da ke wurin.

Sai na juya kan tsohuwa.

"Ke tsohuwa, wa yac ce ki shigo? Kin cinye tuwon garinku duka, kin zo ki nutsar min da jirgi?" Wasu suka fara dariya. "Jirgin ga mutum fuɗu shika ɗauka, ke kaɗai kin yi ukku. Dibi inda ruwa yak kai. In munka tashi hakanga ba mu kai tsakiya. Wallahi ba mu kai."

A kan wallahin nan muryata ta karye. Dariya ta tsaya. Tsohuwar da ba ta fi damin kara nauyi ba ta zuba mini ido. Ta sauke hannu ta gefen jirgin, ko sunkuyawa ba ta yi ba yatsunta suka taɓa ruwa. Ta dafa kafaɗar ungozoma ta miƙe.

"Ango ya kore ni," in ji ta. "To na fita. Kuma duk wanda nih haifa, da duk wanda yaz zo duniya ina kallo, shi biyo ni."

Malam ya ɗauki butarsa ya sauka. Ƙanensa ya bi shi. Aka sauke tukunya, aka sauke ƙwarya, jirgi ya taso sama. Gwaggo ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, don dole mace ɗaya ta raka ta. Tsohuwa ta ce a'a. Ta waiwaya can bayan taro, inda surukata, mahaifiyar mai ɗakina, take tsaye ta ba mu rabin baya, ta rufe baki da mayafi kamar wadda ta zo kallon ruwa. Ita ba ta ko kusanci jirgin ba. 'Yar fari ce, tun da aka yaye ta aka miƙa wa kaka, uwar ba ta taɓa goya ta a gaban mutane ba.

"Ke, taho ki shiga."

"Inna, da kunya."

"Aje ta nan bakin gulbi, in kin dawo ki ɗauka. Ni nir rene ta, amma yau ba ni taka nema ba."

Ta shigo kanta a ƙasa, ta zauna wajen kan 'yarta ba tare da ta taɓa ta ba, ta juya fuska ga ruwa. Masuncin ya hau gaba da gora. Na ja igiya, inji ya tashi, muka bar gaɓa.

Mun wuce rabi, har na fara hango motata a tudu, sai wani tarin ciyawa ya biyo ruwa ya shige ƙarƙashinmu. Inji ya yi tari ya mutu. Nan take jirgi ya ba ruwa gefe, muka fara gangarawa. Masuncin ya caka gora bai samu ƙasa ba, ya jefar ya ɗauki filafili. Na ɗaga injin, na kwanta da ciki a gindin jirgi, na tarar ciyawa da wata tsohuwar komar kamun kifi sun naɗe farfela tam. Wuƙata tana cikin akwatin da na bari a gaɓa. Da yatsu na yi ta yaga, zaren koma na yanka ni, ruwa na shigowa ta kafaɗata. Na sauke inji na ja igiya, shiru. Na sake ja. Ina ja ina cewa ya Allah, ya Allah, ba ni da wata addu'a da ta wuce wannan.

Tun da muka taso ina jin numfashin mai ɗakina, wani gurnani ƙasa-ƙasa. A cikin jan igiyar nan sai na lura na daina jin sa. Surukata ma ta lura. Ta ɗaga zanen, ta taɓa kafaɗarta.

"Ke. Ke wagga."

Ba motsi. Ta girgiza ta, ba motsi. Sai matar nan ta yar da mayafi, ta cicciɓi kan 'yarta ta ɗora a cinya, ta kira sunanta. Sunan yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, wanda na tabbata ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Ta kira da ƙarfi har na ji ya doki ƙetare. Ta sake kira, tana shafa mata fuska da ruwan gulbi, tana kuka ba ta ɓoyewa. Ta sake kira.

Can ƙasa-ƙasa na ji, "Na'am, Inna."

Injin bai tashi a ja na gaba ba, bai tashi a na bayansa ba. Sai da hannuna ya mutu, na koma ja da na hagu, sannan ya kama. Mun fita nesa ƙwarai da mashigi, cikin gonar dawar wani. 'Yan fito sun biyo gaɓa da gudu suna kallonmu, su suka ɗauke ta da katifar suka ratsa dawa har mota. Na kwance tirela na yar a wurin, na bar wa masuncin jirgi ya ɗaure a jikin itace.

A Tambuwal ma'aikacin asibiti ya duba ta ya ce kada mu sauke ta, mu wuce Sakkwato, aiki za a yi. Duk tsawon hanyar nan surukata na bayan mota rungume da ita. In na leƙa madubi sai in ga bakinta na motsi a kunnen 'yarta.

An yi aikin. Likita ya ce uwa ta tsira, da mun ƙara jinkiri da wani zance ake yi. Yaron kuwa namiji ne, ya riga ya koma tun kafin mu baro ƙauye. Da safe 'yan uwanmu da ke birni suka taya ni muka kai shi makwancinsa. A hannu biyu na ɗauke shi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Ban taɓa jin baƙin ciki da godiya sun haɗu a ƙirjina haka ba, har na rasa wanda zan fara yi wa kuka.

Da na dawo asibiti mai ɗakina ta farfaɗo, har an ba ta kunu. Surukata ta mayar da mayafinta kan baki. Ta dubi bango, ta ce da bangon, "Can ƙetare ba su sani ba."

Na kama hanya. Ruwa ya ɗan ja baya, jirgi na nan inda aka ɗaure shi, masuncin na zaune a gindin itacen. Ya ce yana hango ƙetare, tun da muka tafi Malam bai koma zaure ba, an kawo masa buzunsa bakin gulbi, a nan yake salla. Muka ƙetara. Tun daga nesa na hango su a jere a gaɓa, maza gefe ɗaya, mata gefe ɗaya. Na kashe inji jirgi ya ƙarasa da kansa. Na sauka na durƙusa cikin taɓo.

"Sannu da hanya," in ji Malam, idonsa a kan carbi. "Ya kuka baro mutanen birni?"

Tsohuwa ta ratso mata ta shigo ruwa har ƙauri. "Ku bar gaisuwar ga. Kai, dube ni. Wa anka bar muna?"

"An bar muna ita," na ce. "Yaron ya koma."

Mata suka ɗauki salati. Malam ya yi nasa a hankali, ya yi hamdala. Na ɗago kai, sai na ga ni yake kallo, ido cikin ido.

"Ta ci wani abu?"

Na ce ta sha kunu.

Ya ce, "Da yawa?"